Wace Girka?

A gidanmu na Shagari babu mai kiran kakarmu da sunan yanka. 'Ya'yanta Inna suke ce mata, mu jikoki muka taso muka ɗauka, har maƙwabta da masu tallar nono suka bi sahu. Mun haura shekara talatin muna faɗin wannan kalma safe da yamma, ba mu taɓa tambayar kanmu wa kuma ake kira da ita ba, sai da wata manhaja da muka rubuta ta ja mu zuwa ga tambayar.

Mu uku ne, 'ya'yan wa da ƙane. Biyunmu a Shagari muka tashi, na ukun a Bodinga. Dukanmu kimiyyar kwamfuta muka karanta, kuma da rubuta manhaja muke cin abinci. Yawancin aikin namu na mutanen da ba mu taɓa gani ido da ido ba ne, wasu a Legas, wasu a ƙetare. Wata rana muka ce ya kamata mu yi abin da zai amfani gida. Tun muna yara mun san yadda manomi ke sayar da gero da arha lokacin kaka, ya dawo ya saye shi da tsada a tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa. Sai muka tsara 'yar manhajar waya mai magana da Hausa. Mutum zai gaya mata dami nawa ya zuba a rumbu da baki nawa yake ciyarwa, ita kuma ta lissafa masa watan da hatsin zai kai shi, da abin da zai iya fitarwa kasuwa ba tare da ya yi da-na-sani ba.

A sana'armu kowane aiki sai an raɗa masa suna tun kafin ya tsaya da ƙafarsa, kuma masu sana'ar sun saba yin aro daga tatsuniyoyin Girkawan dā. Akwai tsarin tantance masu shiga kwamfuta da ake kira Kerberos, sunan kare mai kai uku da ke gadin ƙofar matattu a wajen Girkawa. Kamfanin Amazon yana da manhajar tono bayanai mai suna Athena. Mu kuwa muka zaɓi Dimita, wadda littattafai ke rubutawa Demeter, abar bautar Girkawa mai kula da hatsi da noma.

Sunan ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya koyi tsara manhaja ya ji labarin Dokar Dimita, wadda Ian Holland ya fito da ita a 1987 a Jami'ar Northeastern da ke Boston, cikin wani aikin bincike na Karl Lieberherr. Sun sa wa aikin sunanta ne don suna son a riƙa raino manhaja kamar shuka, kaɗan-kaɗan. Abin da dokar ke cewa shi ne kowane ɓangare na manhaja ya yi hulɗa da na kusa da shi kawai. Idan ka je biyar bashi, maigida za ka yi wa sallama ya auno maka, ba ka haura katanga ka shiga rumbunsa da kanka ba. Mun haddace wannan, mun ci jarrabawa da shi. Da muka sami aikin da ya shafi rumbu na gaske, sai muka ga kamar don mu aka ajiye sunan.

Cikin watan Oktoba muka kai manhajar gida don gwaji. An gama yankan gero, dammuna na jingine a tsakar gida suna jiran a jefa su rumbu. Bayan la'asar ne. Baffa Malam, babban ɗan Inna, ya zo daga Bodinga inda yake da makarantar allo, yana zaune bisa buzu. Goggo tana bakin ƙofar ɗakinta da keken ɗinkinta na hannu, sandarta a gefe, ƙafarta ta hagu da ta shanye tun tana yarinya a naɗe cikin zane. Inna tana tsintar wake a faifai. Muka kunna wayar, muryar ta yi sallama, kowa ya yi dariya.

Inna ta ce, "To angwayena, mi as sunan wagga aba?"

Muka ce Dimita.

"Ɗiyar wa ta?"

Muka ce ai ba mutum ba ce, wata ce da mutanen Girka suke bauta wa a zamanin dā.

Sai ta ajiye faifan. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Wace girka?"

Mun ɗauki lokaci kafin mu gane abin da ta ji. Mu ƙasa muke nufi, wadda ke Turai, mai babban birni Atina. Ita kuwa girka ɗaya ta sani: wadda 'yan bori ke yi wa wanda iskoki suka kama, a killace shi kwanaki ana kiɗan garaya ko goge ana ba shi magani, har ya fito ya zama dokin iska. Ta ɗauka jikokinta da aka kashe wa kuɗin boko sun dawo gida da kayan bori a cikin waya.

Don mu kwantar mata da hankali, muka ba ta labarin kamar yadda muka karanta. Muka ce Dimita tana da 'ya ɗaya, Fasifoni. Wata rana yarinyar tana tsinkar furanni a fili, ƙasa ta tsage, Hedis sarkin matattu ya fito ya sure ta, da sanin ubanta Zeyus. Uwar ta yi kwana tara tana yawo da wuta a hannu tana nema, ba ci ba wanka. Ta rikiɗa ta zama tsohuwa, ta zauna bakin rijiya a wani gari mai suna Eliyusis, har aka ɗauke ta rainon ɗan sarki. Daga baya baƙin ciki ya sa ta hana ƙasa fitar da tsiro. Aka yi huɗa a banza, aka zuba iri bai fito ba, yunwa ta kusa ƙarar da mutane. Dole Zeyus ya aika a dawo da yarinyar. Amma kafin ta fito Hedis ya ba ta ƙwayar rumman ta ci, wanda kuwa ya ci abincin can ba ya rabuwa da can. Aka yi sulhu: kashi ɗaya cikin uku na shekara tana ƙarƙashin ƙasa, sauran tana wajen uwarta. In ta tafi ƙasa ta bushe, in ta dawo a ga tsiro.

Inna ta ce, "Wata huɗu ɗai? Su sun ji daɗi. Mu nan wata takwas muka jiran tamu."

Aka yi dariya, har da Baffa. Sai ta ɗauki faifanta, ta ce, kamar mai maganar farashin gishiri, "Wagga ai Inna ta. Uwar Gona."

Baffa Malam ya yi a'uziyya. Ya ce, "Inna, don Allah a bar kiran wanga suna cikin gidan ga."

Mu da muka sha boko muka yi caraf muka ce, ai Baffa suna ne kawai. Ya juyo kanmu. Ya ce tun ɗazu yana jin muna Dimita, Dimita, ya ɗauka sunan wani Bature ne mai ilimi, ashe abin da aka yi wa yanka ne. Ya ce shirka ba ta zama halal don ta zo da Turanci. Ya tuna mana inda muke: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa, nan ƙasar Bodinga, kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma a Bodinga kanta ya zauna yana karantarwa yana rubutu. Ya ce a kan irin wannan cuɗanya ta tauhidi da bautar iskoki suka yi wa'azi har aka kore su daga Degel. Muka ce Dimita ta mutu, fiye da shekara 1,600 ke nan da aka rufe ɗakin bautarta, yanzu sai masu yawon buɗe ido ke zuwa kallon duwatsun. Ya ce to me ya sa muka tono ta?

Ba mu da amsa. Muna lalube, sai Inna ta yi magana, ba ta kuma kalli kowa ba.

Ta ce lokacin Goggo tana da shekara uku ta yi zazzaɓi na kwanaki. Zazzaɓin ya sauka, aka tayar da ita ta tsaya, ƙafar ta ƙi. Kowa ya ce Inna ce ta sha ta. Ta kai ta wajen malamai, aka yi rubutu, aka yi tofi. Ta kai ta asibiti a Sakkwato, aka ce an makara. Wata tsohuwa a unguwar ta ce mata abin ba na asibiti ba ne: Inna Bafilatana ce, nono take so, a kai mata ƙwarya guda gindin wata tsamiya a bayan gari kafin fitowar rana, za ta saki ƙafar. Kakanmu mutum ne mai tsanani a kan addini, da ya ji da sai ta bar gidan. Ta yi wata biyu tana juya maganar. Ran nan da asuba, yana masallaci, ta ɗauki ƙwaryar ta fita.

"Na zuba," ta ce. "Ni da hannuna. Ƙahwar ba ta tashi ba. Yau shekara hamsin da wani abu ina istigifari. Ku kuna cewa suna na kawai."

Keken Goggo ya tsaya. Ba ta taɓa jin wannan labari ba, Baffa ma haka. Ya sunkuyar da kai ya daɗe. Da ya ɗago bai yi wa'azi ba, ya ce, "Allah Mai gafara ne, Inna." Goggo ta ce, "Ashe har haka kika yi?" Inna ta ce, "In ke ce, mi za ki yi?" Daga nan aka kira magariba, kowa ya tashi.

A daren muka kwana muna magana a zaure. Abin da ya fara ba mu kunya shi ne, sunan da Baffa ya hana a kira, mu duka muna kiransa kullum. Cutar shan inna. A rediyo ake faɗa, a jikin allunan asibiti ake rubutawa, sarakuna da malamai sun yi ta faɗa a lokacin gangamin rigakafi. Ranar 25 ga Agusta 2020 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka, da wannan suna kafafen Hausa suka ba da labari. Mun san ƙwayar cuta ce ke shiga ta baki ta lalata jijiyoyin da ke motsa gaɓa. Amma ba mu taɓa tambayar wace Inna ce ke sha ba. Mun san uban Dimita da uwarta da 'yan'uwanta, ba mu san wadda sunanta ke manne da ƙafar goggonmu ba.

Sai muka koma karatu, wannan karon a kan na kusa. Muka tarar Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939 ya kuma fitar da littafinsa a 1946, ya bayyana cewa su ma sun yarda Allah ne Mahalicci, sai dai suna ganin iskoki ne ke kusa da harkar yau da gobe, don haka su suke yi wa yanka. A cikin iskokin nan Inna babba ce. Ana ce mata Doguwa, ana ce mata Bafilatana, ana danganta ta da gona da albarkar hatsi da tsaron dukiya, ana kuma tsoron ta da shanye gaɓa. A nan ta yi kama da Dimita: hannun da ke bayarwa shi ne ke hanawa. Amma ba ɗaya suke ba, kuma ba ma son mu yi irin kwaɗayin nan na cewa duk abin da Turawa ke da shi mu ma muna da irinsa. Dimita uwa ce da aka ɗauke wa 'ya. A labarin gidanmu, Inna ce ake zargi da ɗaukewa. Wadda ta yi yawon nema, ta ƙi ci ta ƙi barci, ita ce kakarmu.

Muka kuma tarar Inna sarauta ce. A daular Gobir, mace daga gidan sarauta, galibi 'yar'uwar sarki, ita ke riƙe da wannan muƙami, tana shugabantar 'yan bori da al'amuran mata. Alƙalawa ta faɗi a hannun masu jihadi a 1808, amma sarautar ba ta mutu ba, har yau ana naɗa Inna a gidajen sarautar Gobir. Abin da ya fi tsaya mana shi ne abin da Nana Asma'u, 'yar Shehu, ta yi. Ta ga mata da yawa, musamman na ƙauyuka da waɗanda yaƙi ya kawo, bori ne mafakarsu in ciwo ko baƙin ciki ya zo. Ba ta tsaya ga hani kawai ba. Ta kafa 'yan taru, ƙungiyoyin mata masu zuwa ɗaukar karatu su koma su koyar a garuruwansu, kowace ƙungiya da shugabarta da ake kira jaji. Jean Boyd, wadda ta rubuta tarihinta a 1989, ta nuna cewa malfar da Nana Asma'u ke ɗora wa jaji, a naɗe da jan rawani, alama ce da mata suka riga suka sani a kan Innar Gobir. Ta ɗauki abin da idonsu ya saba girmamawa ta ɗora a kan mai koyar da alwala da salla.

Da muka je gaishe da Baffa a Bodinga, muka biya ta Sifawa tare, muka gaya masa wannan. Muna tsammanin zai musa. Ya ce ya san malfar jaji, ya gan ta da idonsa yana yaro, lokacin da tsofaffin mata ke haɗuwa su tafi ziyara Hubbare da waƙoƙinsu, amma bai san daga inda ta fito ba. Ya yi shiru, sannan ya ce wanda zai yi irin wannan aiki sai ya san abin da yake cirewa da abin da yake bari. Ya ce matsalarmu ba mu san ko ɗaya ba. Mun so mu ji haushi, amma gaskiya ya faɗa. Shi ma kuma, a hanyar dawowa, ya yarda cewa hana kiran suna bai hana mahaifiyarsa ɗaukar ƙwarya ba, abin da ya hana kawai shi ne ta faɗa.

Yanzu mun gane abin da ya sa Dimita ta yi mana sauƙin ɗauka. Ba wanda muka sani da ya taɓa zubar da hawaye a gabanta. Amma an zubar. Garin Eliyusis, kimanin kilomita 20 yamma da Atina, ya yi sama da shekara dubu yana karɓar masu zuwa neman asirinta, har ƙarshen ƙarni na 4 Miladiyya da sarakunan Rum Kiristoci suka hana. Matan aure na Atina suna da bikinta na kwana uku a lokacin shuka, wanda maza ba sa shiga, a rana ta biyu su zauna a ƙasa suna azumi. A cikinsu ba za a rasa wadda 'yarta ke kwance ba, ko wadda rumbunta ya ƙare. Nisan zamani da nisan ƙasa ne suka wanke sunan har ya zama abin liƙa wa manhaja. Na gida kuwa bai wanku ba, shi ya sa muke sauke murya in za mu faɗe shi. Mu Musulmi ne, ba mu bauta wa wannan, ba mu bauta wa waccan. Sai dai mun daina ɗaukar rashin sani a matsayin tsoron Allah, mun kuma daina ɗaukar aron sunan nesa a matsayin wayewa.

Akwai abin da muka tuna daga baya. A shekarun da ake gardamar rigakafi, lokacin da wasu gidaje a Arewa ke ɓoye yara in masu ɗiga magani sun shigo unguwa, Inna ce ke tattaro ƙannenmu da 'ya'yan maƙwabta ta jera su a ƙofar gida. In wata ta yi gardama, sai ta nuna ɗakin Goggo da haɓa, ba ta ƙara komai. Muna yi mata dariya muna cewa gwamnati ta ɗauke ta aiki. Ba mu san daga gindin tsamiya ta taho da wannan ba.

Mun tambaye ta ko za mu iya rubuta labarin. Ta ce mu tambayi Goggo, ƙafarta ce. Goggo ta ce mu rubuta, amma kada mu sa sunan kowa.

Manhajar kuwa mun sake mata suna, Rumbu. Da muka koma da ita Shagari, Inna ta ce a gwada da hatsin gidan. Muka shigar da dammunan da aka samu da yawan masu ci, muryar ta ce hatsin zai kai har sabon gero ya nuna, da rarar dami goma sha biyu da za a iya sayarwa. Inna ta ce ƙarya take yi. Muka duba lissafin, daidai yake. Ta ce ina zakka, dami ɗaya cikin goma, tun da ruwan sama ne ya shayar? Ina iri na baɗi? Ina na baƙon da zai sauka ba sallama, da na mai haihuwa, da na almajiran Baffanku? Ba mu sa ko ɗaya ba. Muka zauna nan bisa tabarmarta muka buɗe kwamfuta, tana faɗa muna ƙarawa, Goggo tana gyara mata ƙidaya daga bakin ƙofa. Da aka gama, rarar ta koma dami uku. Inna ta ce ko su kada a taɓa sai an ga yadda ruwan farko ya zauna.